Sai yaro ya dafa bangon da hannunsa

Duk ayarin yaran da na ɗauka, da mun shiga zauren Gidan Makama, gidan tarihin da ke Kano, nakan ce kowa ya fito da hannu daga aljihu ya dafa bango. Ba na ƙara ko kalma. Can sai ka ji wata ta ce, "Malam, wallahi sanyi gare shi!" alhali a waje rana na dukan ƙwaƙwalwa. To daga nan muke fara karatun gini, domin yaron da ya ji sanyin nan a tafinsa shi da kansa zai tambayi dalili.

Sana'ata ke nan. Ni da abokan aikina uku muna ɗaukar 'yan firamare da 'yan Islamiyya, wani sa'in iyali guda, mu zaga da su tsofaffin gine-ginen Kano, su ga yadda mutanen farko suka zauna, suka ci, suka kare kansu. Ba a aji na koyi wannan ba. A gindin kawuna na koya, magini ne na ƙasa, Allah ya jiƙansa. Ina ɗan shekara tara ya fara sa ni cuɗa ƙasa da ƙafa, ana zuba ruwa ana barbaɗa ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta tsima kafin a mulmula tubali. Idan na cilla masa tubali yana kan bango, da ya cafe ya san ko ya bushe ko da saura. Wanda bai yi ba sai ya ajiye gefe ya ce, "Ɗana, wannan da ruwa a cikinsa, zai ci amanar masu gida." Shi ya nuna mini yadda ake jera tubali tsininsa na kallon sama, da dalilin da ya sa bango ke da kauri a ƙasa yana sirancewa yana hawa. Kaurin nan ne yake shanye zafin rana, ba ya sakin sa sai dare.

Shi ya sa idan na ce wa yara su ɗaga kai su dubi rufi, ba hadda nake karanta musu ba. Ina nuna musu azara, in gaya musu daga giginya ake tsago ta, kuma gara ba ta cika samun sa'arta ba. Azara guda ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa a ɗaki mai faɗi, sai magina suka riƙa ɗaure ta gaba kan gaba suna tanƙwarowa daga bango biyu har su haɗu a tsakiya: bakan gizo ke nan. Nakan tsayar da yara biyu su miƙa hannuwa su haɗa a sama, na uku ya danna, su ji inda nauyin yake sauka. A waje kuma ga zanko a saman soro, ga indararo mai tunkuɗe ruwan sama nesa da gindin bango. A jakata kullum akwai kwasfar ɗorawa, wadda ake yin makuba da ita a shafe gini don kada ruwa ya zaizaye shi. Kowa sai ya shinshina.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu kwaikwayo. Mutum ya samu bas ɗaya ya manna takarda a jiki, shi ke nan ya zama mai yawon tarihi. Ya loda yara kamar buhun gyaɗa, ya sauke su a bakin ƙofa, a yi hoto, a raba biskit, a juya. Da kunnena na ji ɗayansu yana ce wa yara Turawa ne suka gina ganuwa. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara tun yana mulki tsakanin 1095 da 1134, Turawa kuwa sai 1903 suka ci Kano da yaƙi! Ranar har gida na koma raina a ɓace, don yaran nan da abin da aka gaya musu za su girma.

Mu da sassafe muke farawa daga Dala, kafin rana ta yi ƙarfi. A saman dutsen nake ba su labarin maƙeran da suka zauna a nan suna narka tama tun kafin zuwan Bagauda, sarkin Kano na farko, a 999, da Barbushe, jagoran mutanen Dala, da abin bautarsu Tsumburbura. Sai in tambaye su: wanda ya iso wurin nan ba famfo, ba kanti, ba ashana, me zai fara nema? Amsoshinsu kan fi nawa daɗi. Daga nan mu gangaro Gidan Makama, gidan da Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya koma fadar da ya gina, wadda har yau ake kira Gidan Rumfa. Shi ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma a zamaninsa aka kafa Kasuwar Kurmi. Tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da ke ajiye a gidan su suka fi tsayar da yara maza. Sai sun ji dalla-dalla yadda ake rufe birni idan dare ya yi. Idan lokaci ya ba mu dama mu leƙa marinar Ƙofar Mata, su ga yadda baba da toka ke mayar da farin ƙyalle shuɗi.

Abin da ba a gani shi ne shirin da ke gaban tafiya. Kwana ɗaya kafin nan sai na bi hanyar da ƙafata, na gaisa da masu kula da wurare, na san inda inuwa take da inda yaro zai yi fitsari. Yara goma, babba ɗaya. Amma sai mai makaranta ya zaunar da kai yana ciniki kamar a 'yan tumatir, wai wane ya ce zai kai su a rabin kuɗin. Nakan ce, "Ranka ya daɗe, tambaye shi mene ne makuba, in ya amsa ka ba shi aikin." Da yawa bayan zango ɗaya suke dawowa.

Ƙarshen zagaye a tsakar gidanmu na gado muke yi. Mahaifiyata, wadda yara ke kira Hajiya Kaka, takan fito da dutsen niƙa, da mazari da auduga, da fitilar aci-balbal, da 'yan ƙwayoyin wuri da aka yi ciniki da su a da. Kowa ya durƙusa ya niƙa dawa ko tafi ɗaya ne. Wata 'yar aji huɗu ta niƙa na minti biyu ta ɗago tana haki ta ce, "Kaka, kullum haka kuke yi kafin a ci tuwo?" Hajiya ta karɓi hannunta ta gyara mata riƙon ɗan dutsen ta ce da baya ake turawa, ba da hannu ba.

Sannan in kwaɓa ƙasa, kowane yaro ya mulmula ɗan ƙaramin tubali ya rubuta sunansa da tsinke, mu shanya. Bayan mako ɗaya nake kai musu makaranta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu aka fi jin daɗin tafiyar, hunturu ya sauka, tubalin ma ya fi saurin bushewa, don haka makarantar da ke so ta yi mana magana tun farkon zango.