Wa ke da laifi idan motocin Formula 1 suka yi karo?

Har yau ana musu kan karon direbobi biyu, Hamilton da Verstappen, a filin tseren Silverstone na Birtaniya a 2021. Motar Verstappen ta daki shinge aka kai shi asibiti, Hamilton kuwa aka ci shi tarar daƙiƙa 10, kuma ya ci tseren. Mutane da yawa sun ga an yi sassauci. Ni dai ina ganin alƙalan FIA, hukumar da ke kula da tseren, sun bi ƙa'idarsu: abin da direba ya aikata suke hukuntawa, ba girman ɓarnar da ta biyo baya ba.

Abin da suke fara dubawa shi ne inda tayoyin gaba suke a tsakiyar kwana. Mai son wucewa ta ciki, sai tayarsa ta gaba ta kai daidai madubin abokin karawarsa, kuma motar na hannunsa, ba ya yi jinkirin taka birki ya afka ba. Suna kallon bidiyon cikin mota da bayanan na'ura: yaushe ya taka birki, yaya ya murza sitiyari. A zagayen farko alƙalai kan yi sassauci saboda cunkoso.

Tarar daƙiƙa 5 ko 10 a wurin canza taya ake biyanta, kanikawa ba sa taɓa motar sai lokacin ya cika. In direba bai sake tsayawa ba, a ƙara masa a kan lokacinsa.

Makin laifi, wanda ake rubuta wa direba a lasisinsa, ya fi ciwo. Ya kai 12 cikin wata 12, an hana direba tsere ɗaya. Haka direba Magnussen ya rasa tseren Baku a 2024.