Yarbancin kunne daban, na baki daban

Duk wanda ya daɗe yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas zai ce maka yana jin Yarbanci, kuma ba ƙarya ya yi ba, domin kunne ne ke fara cika. Ni ma na kai inda in mata biyu suna ƙus-ƙus a kan farashina, na san abin da suke ƙullawa. Ga kuma kalmomin da muka yi tarayya a kansu, irin su alubosa da alafia da wahala, masu sa mutum ya ɗauka ya gama.

Wata dattijuwa da ke sayen buhu-buhu tana kaiwa Ikorodu ce ta nuna mini ban gama ba. Ta zo da kanta maimakon yaronta, kuma duk abin da ta faɗa na gane. Da na zo amsawa sai "o" ta fito daga bakina, wato "kai" ko "ke" da ake ce wa tsara ko yaro, alhali babba "ẹ" ake ce masa. Ta dube ni, ta matsa rumfar gaba. Har yau can take saye, kuma har yau abin na ci mini rai, don kullum ina jin "ẹ" ɗin nan a kasuwa, ban dai taɓa ɗora ta a harshena ba.

Masanin koyon harshe Paul Nation ya kasa sanin kalma gida uku: siffarta, ma'anarta, da yadda ake amfani da ita, kuma kowane gida akwai ganewa akwai furtawa. Mu 'yan kasuwa ma'ana muke cafkewa mu wuce. Siffar ma ba wasa ba ce. Yarbanci karin sauti uku gare shi, sama da tsakiya da ƙasa, kuma na tsakiyan nan Hausa ba ta da shi. Kalmar igba na iya zama 200, ko ƙwarya, ko lokaci, ko yalo, gwargwadon karin sautin da aka furta ta da shi. A bakin wani, zancen da ke kewaye ke warware maka. A naka bakin babu mai taimakonka.

Shi ya sa nake takura wa ƙannena da ke zuwa daga Arewa. Kada ka ce mini ka san kalma sai ka faɗe ta da ƙarfi gaban Bayarabe ya gyara maka, kuma ka lura da wanda ake faɗa wa ita. Gaisuwar manya nake sa su fara da ita, kafin lissafin kuɗi. Ciniki ko da yatsu ana yin sa, amma dattijuwar da ta ga an raina ta ba ta dawowa.