Gonar da na sa aka rasa

Jibi zan miƙa makullin coci, bayan shekara 6 ina aikin bishara a wannan ƙauye na ƙasar Sumaila. Dattawan ikilisiya sun ce in bar wa magajina 'yan kalmomi. To ga su, ko da yake ba irin waɗanda suke jira ba ne.

Na fito daga makarantar Littafi Mai Tsarki kaina cike da ƙarshen zamani. Da an ce annabawa, sai Daniyel da dabbobinsa masu ƙahoni su faɗo mini a rai. Littafin Farawa kuwa na bar wa yaran makarantar Lahadi. Ban taɓa zaton akwai igiyar da ta ɗaure su ba.

A daminata ta biyu wani dattijo ya same ni bayan sujada. Gonarsa ta gado tana jingina tun jinyar matarsa, ga shi ɗansa ya aiko da kuɗin ci-rani daga Legas, daidai na fansa. A lokacin shugabanmu ya ɗaga mana hankali sai an rufa cocin da kwano kafin taron shekara. Tsohon ya ce, "Malam, gona ko kwano?" Ni kuma, yaro ɗan shekara 27 da bai taɓa binne ko kaza ba, na ce, "Baba, duniyar nan wuta za ta cinye ta. Ka ajiye dukiyarka a sama." Ya zaro kuɗin daga aljihun 'yar shararsa ya ba ni. Da bazara ta yi tsanani rumbu ya ƙare, sai ya koma wa mai jingina ya karɓi ƙari, jingina ta zama ciniki. Gona mai ɗorawa uku da gawo. Yanzu ƙodago yake yi a cikinta.

Wanda ya fara tona mini asiri wani malamin allo ne da muke gaisawa a bakin rijiya. Ya ce su a wajensu akwai hadisin da ya ce ko alƙiyama ta zo kana riƙe da dashen dabino, in da hali ka dasa shi. Sannan ya tambaye ni, cikin ladabi kuwa, ko namu littafin bai san da wannan ba. Na rasa bakin magana.

Daren nan na buɗe Irmiya sura 32. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, annabin yana tsare a gidan sarki Zadakiya, shi da bakinsa ya ce birnin zai faɗi. Sai ga ɗan baffansa Hanamel da tallar gona a Anatot, don shi ke da hakkin fansa. Irmiya ya auna azurfa shekel 17, ya kira shaidu, ya sa magatakardansa Baruk ya adana takardun a tukunyar ƙasa don su daɗe. Annabin halaka ya fanshi gonar dangi ana tsakiyar yaƙi, ni kuwa na hana mutum fansar tasa ana zaune lafiya.

Daga nan sai igiyar ta yi ta bayyana. A Farawa 1:28 Allah ya ce wa mutum ya hayayyafa, ya cika duniya, ya mallake ta. A 2:15 ya sa shi a gona ya nome ta, ya kiyaye ta. Wannan duk kafin zunubi ne, ƙaya da gumi su suka zo daga baya. Wasiƙar Irmiya ga waɗanda aka kwashe zuwa Babila, a sura 29, wannan umarnin ne ta maimaita: ku gina gidaje, ku dasa, ku aurar da 'ya'ya, ku yawaita. Annabi Mika ya hango takuba sun koma garemani, kowa yana zaune a gindin ɓaurensa. Har sabuwar duniyar da ke Ishaya 65, wadda na sha wa'azinta kamar wurin kwanciya, mutane gini suke yi suna dashe a cikinta. Abin da ya sāke shi ne ba wanda zai shuka wani ya ci. Da na kai wannan ayar sai na rufe littafin, don fuskar tsohon nan nake gani.

Na faɗi laifina a gaban jama'a. Shugaba ya ji labari, ya ce a taron ma'aikata ni ne ban da hikima, shi bai ce a karɓi kuɗin gona ba. Gaskiya ne, bai faɗa ba. Adadi kawai ya yanka mana da rana, kuma hoton kwanon yana cikin rahotonsa.

Sauran ba su da yawa. Kada ka amsa tambayar kuɗi a ranar da aka yi ta. Ka rubuta kuɗin baikon coci a gaban mutum biyu. Ka gai da mai unguwa kafin ka buƙace shi. In shugabanni suka matsa maka, ka ce a ba ka a rubuce.

Akwai mangwaro 14 da dalbejiya a bayan coci, ni da matasa muka dasa, ban sa su a rahoto ba. Na gefen rijiya na Baba ne, haka muka yi da shi. Kada ka bari awaki su shiga.