Gatsen da babu mai jin sa a ƙasar Oceania

Idan uwa ta ga ɗanta yana wasa da wuƙa ta ce masa, "Yawwa, ci gaba, kada ka fasa," yaron ya san abin da take nufi, domin gatse ba ya tasiri sai mai faɗa da mai ji duk sun san inda gaskiya take. Wannan ne ya riƙa zuwa mini a rai da na sake karanta littafin 1984 na George Orwell, wanda aka buga a Landan a shekarar 1949, watanni kaɗan kafin tarin fuka ya yi ajalin marubucin a farkon 1950.

A ƙasar Oceania ta cikin littafin, wadda Jam'iyya ɗaya tak ke mulka a ƙarƙashin hoton Babban Yaya, kusan kowane suna kishiyar abin da aka raɗa wa ne. Ma'aikatar Zaman Lafiya ce ke tafiyar da yaƙi, Ma'aikatar Wadata ce ke kula da ƙarancin abinci, ita kuwa Ma'aikatar Gaskiya, inda Winston Smith, jigon labarin, yake aiki, sana'arta sauya tsofaffin jaridu don kada jiya ta ƙaryata abin da Jam'iyya ta faɗa yau. Mai karatu yana jin gatsen nan take. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, a cikin ƙasar kusan babu wanda ya rage da kunnen jin sa.

Dubi maganar cakulan. An sanar cewa an rage rabon kowa daga giram 30 zuwa giram 20 a mako. Washegari, Winston yana zaune a ɗakin cin abinci na ma'aikata, sai na'urar bango mai watsa sanarwar Jam'iyya ta ba da labarin cewa jama'a sun fito tituna suna gode wa Babban Yaya saboda ya ƙara rabon zuwa giram 20. Ya dubi maƙwabcinsa Parsons, ya ga ya haɗiye maganar salin-alin. Ya dubi Syme, masanin harshe mai kaifin basira, shi ma haka. Sai ya fara tambayar kansa ko shi kaɗai ne bai manta da jiya ba.

Amma wurin da littafin ya fi sosa mini zuciya ba a ƙaryar Jam'iyya yake ba, a cikin fatan Winston kansa yake. Shekara bakwai kafin labarin ya fara, ya yi mafarkin wata murya tana ce masa za su haɗu a wurin da babu duhu. Ya ɗauka muryar O'Brien ce, babban ɗan Jam'iyyar da yake zaton ɗan tawaye ne a ɓoye, ya kuma riƙe kalmar nan tamkar guzuri. Alkawarin ya cika ba ragi: sun haɗu a kurkukun Ma'aikatar Ƙauna, gini marar taga wanda ba a kashe fitilunsa dare da rana, kuma O'Brien ɗin ne ya tsaya a kansa ana gana masa azaba. Hatta ɗakin da suka kama haya shi da masoyiyarsa Julia, a saman shagon dattijo Charrington, tarko ne, domin dattijon ɗan sandan farautar tunani ne.

A wannan kurkukun ne aka shigo da Parsons, mutumin da bai taɓa musa wa Jam'iyya komai ba. 'Yarsa mai shekara bakwai ce ta kasa kunne a ramin makulli, ta ce ta ji yana la'antar Babban Yaya cikin barci, ta kai ƙararsa. Yana zufa, jikinsa na ɓari, ya shaida wa Winston cewa ba ya riƙe da ita a zuci, hasali ma yana alfahari da ita, tunda hakan ya nuna ya ba ta tarbiyya ta gari. Ya ce idan aka gurfanar da shi gaban kotu, zai gode musu ne da suka cece shi tun lokaci bai ƙure ba. Na nemi alamar zolaya a maganarsa na rasa, har zuciyarsa yake faɗa.