Doki ba saniya ba ne: abin da barga ta koya mini a Garwa

Garwa, a arewacin Kamaru, ƙasar shanu ce. Duk wanda ya tashi a nan ya san sammore, ya san ciwon huhu, ya san allurar da ake yi wa garke kafin damina. Shi ya sa idan doki ya kwanta, hannun mutane kan kai ga maganin da suka saba da shi, wato na shanu. Ni tun ina yaro nake kwasar kashi a bargar Baffana, yau kuma dawakin suna hannuna, da su muke fita hawan Salla a bayan Lamiɗo. A dawakin da na ga sun salwanta, da dama an yi musu jinyar saniya ne.

Saniya tana tuƙa, cikinta ɗaki huɗu. Doki tumbinsa ɗaya ne, ƙarami, bai cika wuce lita 15 ba, kuma ba ya iya amai. Abin da ya shiga, in bai wuce ta baya ba, a ciki zai tsaya ya kumbura. Daga nan ciwon ciki yake tasowa, shi ne kuwa babban mai kashe mana dawaki.

A Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, ciyawa ta bushe ƙayau, ba abin da ya rage sai harawa da karan dawa. Doki yana buƙatar ruwa lita 30 zuwa 50 a yini, a irin wannan zafi ma ya fi haka, amma sai ka ga an ba shi bokiti ɗaya da safe an tafi kasuwa. A irin wannan lokaci ne goɗiyata ta ƙi taɓa dusa wata la'asar. Tana kartar ƙasa da ƙafar gaba, ta waiga ta kalli kwiɓinta, ta durƙusa kamar za ta kwanta, ta sake miƙewa. Na duba turke, babu sabon kashi tun asuba. Na kara kunnena a cikinta, shiru, alhali cikin doki mai lafiya ba ya rabuwa da ƙugi.

Nan da nan maƙwabta suka taru, kowa da shawararsa. Wani dattijo ya ce a jiƙa kanwa a ɗura mata ta hanci. Na ce, “Baba, a gafarce ni, bari likita ya iso tukuna.” Ɗurar hanci da kwalba ita ce ke kai ruwa huhu, dokin ya tsira daga ciwon ciki, bayan kwana kaɗan ciwon huhu ya ɗauke shi. Na kwashe abincin gabanta, na sa yaro yana jan ta a hankali don kada ta yi ta birgima.

Da likitan dabbobi ya zo, sai da ya ɗaga leɓenta ya danna dasashi, ya ƙirga bugun zuciya. Ya ce na doki mai lafiya tsakanin 28 da 44 yake a minti, idan ya haura 60 to lamari ya yi nisa. Ya yi mata allurar rage raɗaɗi, sannan ya zura doguwar roba ta hancinta, bai zuba komai ba sai da ya tabbatar robar ta sauka tumbi. Ya tura ruwa mai ɗumi da man farafin na magani. Gab da asuba ta yi kashi, mai tauri, cike da yashi. Yashin nan daga cin abinci a ƙasa yake taruwa. Tun daga ranar harawa a komi nake zubawa, ruwa kuma ba ya yankewa a barga.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon 'yan'uwana mahaya su bari. Salla na matsowa sai a fara ɗirka wa doki gero da dawa kwano-kwano don ya yi ƙiba ya cika sirdi. Hatsi mai yawa farat ɗaya yana kawo kumburin ciki, yana kuma sauka a kofato: kofaton ya ɗauki zafi, dokin ya tsaya ya miƙe ƙafafun gaba yana jingina da na baya, taku ya gagara. Wanda ya kai nan da wuya ya koma sukuwa kamar da. A ƙara hatsin kaɗan-kaɗan cikin mako biyu, a raba shi sau uku a yini, kilisa kuma kada ta tsaya.

Kaska ma sai an kula. Maganin wanka na shanu mai sinadarin amitraz yana tsayar da hanjin doki, har ya kashe shi. Mai sayarwa a kasuwar shanu ba lallai ya faɗa maka ba, don shi saniya ya sani. Ka karanta kwalbar, ko ka kai wa likita ya duba.

Damina kuwa tata annobar daban. Wasu ƙananan ƙwari da ba su kai sauro girma ba, masu cizo daga magariba zuwa wayewar gari, su ke yaɗa annobar dawaki ta Afirka. Zazzaɓi ne, sai ramin saman ido ya cika ya kumbura, numfashi ya yi nauyi, kumfa ta fito ta hanci. Jaki kan sha da sauƙi, doki kuwa da wuya ya tashi, kuma ba ta da magani sai rigakafi. Shi ya sa daga saukar ruwa ba na barin doki ya kai magariba a bakin kogin Binuwai. Ina shigar da su da wuri, in turara hayaƙi a ƙofar barga. Idan doki ya mutu da waɗannan alamu, a sanar da ofishin dabbobi, su ne za su aika samfur LANAVET, ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na ƙasa da ke Bokle kusa da Garwa.

Sai kuma ƙurajen nan masu jeruwa a layi a ƙafa ko wuya, su fashe da mugunya. Wata ƙwayar cuta dangin naman gwari ce ke kawo su, allurar kashe ƙwayoyin cuta da aka saba ba ta taɓa su. Aidin ake sawa, a ware dokin, a daina haɗa masa jalala da buroshi da sauran. Ƙusa kuwa in ta soki kofato, ko dabaibayi ya yanke ƙafa, ina wankewa nan take in kira likita ya yi allurar sarƙe-haƙora, don doki yana cikin dabbobin da wannan cuta ta fi saurin kayarwa.