Ɗalibai a gidan tsofaffi

A garin Deventer na ƙasar Holan akwai wani gidan kula da tsofaffi, Humanitas, tun 2012 suke ba ɗaliban jami'a ɗaki kyauta, ba haya ko sisi, sharaɗin kawai kowane ɗalibi ya ba tsofaffin awa 30 a wata. Ba aikin nas ba ne fa, zaman maƙwabtaka ne, a yi hira, a kalli ƙwallo tare, a koya wa tsohuwa yadda za ta tura saƙo a waya.

Wallahi abin ya taɓa ni. Mu nan muna alfahari ba ma kai iyayenmu irin waɗannan gidaje, gaskiya ne kam, amma leƙa ɗakin kaka can ƙuryar gida, an kai tuwo an kai magani shikenan, yara kowa ya duƙufa kan waya, sai ta wuni ba wanda ya zauna ya ce Hajiya ya ƙarfin jiki, balle wasan jika da kaka ko tatsuniya bayan isha'i. Ga tarihin dangi kaf a kanta, wa ya haifi wa, daga wane gari aka taso, kuma ba mai tambayarta.