Ɗan Kano mai koyar da fina-finan Sin a Beijing

Mu da muka taso a Kano, abin da muka sani game da ƙasar Sin bai wuce fim ɗin Chanis da ake nunawa a silimar Plaza ko Marhaba ba: duka, tsalle, sai bos da ba ya mutuwa sai a ƙarshe. Yawancinsu a Hong Kong aka yi su. Amma su ne suka sa mini son wannan ƙasa, har tallafin karatu ya kai ni Beijing. Na koyi Sinanci, na ci jarrabawar ƙwarewa a harshen, wato HSK, na ci gaba har digiri na uku a fannin adabi da fina-finan Sin. Yanzu ina koyarwa a wata jami'a a birnin.

Wahalhalun farkon zuwa kowane baƙo ya san su. Rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24. Sanyin da ke shiga ƙashi tun kafin a kunna na'urar ɗumama gidaje a tsakiyar Nuwamba. Kuɗin hannu ba su da tasiri sosai, ko dankalin bakin titi da manhajar waya ta WeChat ake biya. Nama da sallar Juma'a kuwa unguwar Niujie ta raba mana gardama, inda Musulmi 'yan ƙabilar Hui suke da masallaci tun shekarar 996.

Abin da ya fi nauyi shi ne tsayuwa a gaban aji. Ɗaliban Afirka da na tsakiyar Asiya ba su da matsala da ni. Sinawan ne ke kallona da mamaki: baƙar fata zai koya musu rubutun shahararren marubucinsu Lu Xun, wanda suka haddace tun suna sakandare? Ban ga laifinsu ba. Nakan fara da gajeren labarinsa na mahaukaci, wanda ya fito a mujallar Xin Qingnian a 1918, da harshen da talaka ke magana da shi maimakon tsohon harshen malamai. Daga nan sai in ba su labarin gasar rubutu ta 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja, a lokacin da malamanmu suka fi sabawa da rubutun Larabci da waƙoƙin ajami. Da zarar sun ji cewa wasu mutane a can nesa sun yi fama da tambayar wa ake rubuta wa, sai ka ga an ajiye waya an ɗaga hannu.

Sai dai wanda ya sauya mini alkiblar bincike ba farfesa ba ne. Wani dattijo ne maƙwabcinmu, wanda 'ya'yana ke kira Yeye, wato kaka. Da ya ji aikin da nake yi, ya ja ni ɗakinsa ya buɗe wata tsohuwar akwati. Ashe a ƙuruciyarsa yana cikin masu yawon nuna fim a ƙauyukan lardin Hebei. Ya nuna mini littafin da yake rubuta sunan kowane ƙauye da fim ɗin da aka haska, takardun duk sun yi ja, gefensu ya zaizaye. Ya ce da keke suke ɗaukar na'ura da janareta, su kafa sanduna biyu su ɗaura farin ƙyalle, jama'a su zo da kujerunsu tun la'asar. Wanda bai samu wuri ba sai ya zagaya bayan ƙyallen ya yi kallo a juye. A shekarun juyin al'adu, daga 1966 zuwa 1976, fina-finan da aka yarda a nuna 'yan kaɗan ne, don haka yara ke riga 'yan wasa faɗin maganarsu.

Na ce masa, "Baba, ai wannan majigi ne, mu ma an yi mana shi a ƙofar fada." Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

A aji muna ɗaukaka ɗaliban da suka kammala kwalejin fim ta Beijing a 1982, su Chen Kaige da Zhang Yimou, kuma sun cancanta. Fim ɗin jar dawa da Zhang ya ɗauko daga littafin Mo Yan ya ci babbar kyautar Berlin a 1988, Mo Yan kansa ya samu kyautar Nobel a 2012. Amma dattijon nan ya tambaye ni wa ya rubuta tarihin waɗanda suka zauna cikin sanyi suna kallo. A ganina tambayarsa ta fi ƙarfin yawancin maƙalun da nake karantawa, kuma a kanta nake aiki yanzu.

Tun daga lokacin gidajenmu suka zama ɗaya. Matarsa ta koya wa maiɗakina naɗa jiaozi, wato ƙullin fulawa mai haɗi a ciki, da naman rago, ta kuma ware tukunya ta musamman saboda mu ba tare da mun roƙa ba. Da sallar layya mukan kai musu dambun nama. A hutun bana za mu tafi Hebei tare, don ya ce akwai abokan aikinsa da ke raye, kuma ɗaya daga cikinsu har yanzu yana ajiye da na'urarsa.